Tambayi Malamin Daji: Ina Manyan Itatuwan Legas Suke, Kuma Yaya Ake Auna Su?

Tun da na faɗa a wannan fili cewa nakan fita da tef da alli ranar Lahadi ina auna tsofaffin itatuwan Legas, wasiƙu suke ta shigowa, wasu na tambaya, wasu na zolaya. Masu zolaya na gode. Ga amsar masu tambaya, gwargwadon abin da shafi zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, ina gadi a Ikoyi. A gida na tashi ina ganin rimayen da suka girmi kakannina, nan kuwa ban da bene da siminti ba na ganin komai. Shin akwai sauran tsofaffin itatuwa a Legas, ko duk an sare? In akwai, ina zan kai yarana su gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ai unguwar da kake gadi tana cikin waɗanda suka fi ko'ina tsofaffin itatuwa a garin nan, katanga ce kawai ta tsare maka su. Ikoyi mazaunin Turawan mulki ce a da, sun bi tituna da harabar gidaje sun dasa itatuwan inuwa. Duk tsohon gidan da har yanzu bai koma bene mai hawa goma ba, in za ka wuce ka ɗaga kai ka ga abin da ya leƙo ta saman katangarsa.

Ga ƙa'idar da nake bi. Itace a Legas ba kasafai tsufa ke kashe shi ba, cinikin fili ke kashe shi. Ranar da fili ya canza hannu, mai injin yanka ne baƙon farko. Saboda haka ni ƙasar da ta daɗe a hannu ɗaya nake nema: maƙabarta, tsofaffin makarantu, bariki, harabar asibitin da ya kwana biyu, wuraren ibada, gidajen gwamnati na zamanin da.

In za ka kai yara wuri ɗaya tak, kai su kwatas ɗin reluwe da ke Ebute Metta. Daga Legas aka fara shimfiɗa layin dogo a 1896, ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma a wannan haraba aka zaunar da manyan ma'aikatan jirgi. Fili ne da bai fita daga hannun reluwe ba, shi ya sa itatuwansa suka samu suka yi ƙiba. A ciki akwai wani tsohon bene da ake kira Jaekel House, ginin wajen 1898, wanda aka mayar ɗan ƙaramin gidan tarihi mai tsofaffin hotuna. A Ebute Metta ɗin ne kuma gwamna Alfred Moloney ya kafa lambun gwajin tsirrai a 1887, inda ake renon dashe ana rabawa. Ka ga ke nan unguwar ta daɗe da sanin hannun mai dashe.

Mutane da yawa za su ce maka ka je Freedom Park a titin Broad. Je ka, akwai inuwa, akwai wurin zama, yara za su sake. Amma ka san abin da kake kallo. Wurin nan kurkuku ne na zamanin Turawa, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. An rushe shi a shekarun 1970, ya zauna kango shekara da shekaru, sai a 2010 aka buɗe shi a matsayin lambu, lokacin bikin cikar Najeriya shekara 50 da samun 'yanci. Duk itacen da ka tarar tsaye a inda da ɗakin fursuna yake, bayan rushewar ya tsiro. Wuri kan yi tarihi itacen cikinsa yana yaro.

In daji kake so su gani, ba dashe ba, sai hanyar Lekki zuwa Epe. Akwai Lekki Conservation Centre da aka kafa a 1990, hekta 78 na dajin fadama, da gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke ratsawa ta saman itatuwa. Daga can ne yaro zai ga kan itace daga sama, abin da mu da muka tashi a Arewa sai mun hau dutse muke gani. Gaba kaɗan akwai lambun LUFASI, inda aka killace sauran itatuwan da Yarbawa ke kira eki, masu taurin da har ake yin katakon ƙarƙashin layin dogo da su.

Inda ba za ka ɓata kuɗin mota ba: Eko Atlantic, Banana Island, da duk unguwar da aka cike ruwa da yashi aka gina. Itace ba ya girmar ƙasar da yake tsaye a kai.

Sauran dabarun biyu ne. Buɗe taswirar wayarka a hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, ka nemi babban kore mai duhu, zagayayye, a tsakiyar rufin kwano. Sannan ka tambayi masu zaman inuwa, wato mai shayi, mai faci, mai gyaran takalmi. Sun fi kowane jami'i sanin itatuwan unguwa, don a ƙarƙashinsu suke neman abinci.

Tambaya: Malam, ni tela ne a Agege. Akwai wani ƙaton rimi kusa da inda muke sallar Idi, mun yi gardama da abokina a kan kaurinsa. Mu biyar muka kama hannu ba mu zagaye shi ba. Zan iya aunawa da tef ɗina na ɗinki? Kuma daga ina ake aunawa?

Amsa: Ɗan'uwa, tef ɗinka zai yi aiki, amma ba shi kaɗai ba. Tef ɗin tela inci 60 ne, wato mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. In ka ce za ka bi jikin itace da shi kana ɗagawa kana sakewa, kowace ɗagawa sai ta ci maka inci ɗaya ko biyu. Nemi igiyar da ba ta miƙewa, ka zagaya da ita, ka sa alama inda ta haɗu, ka shimfiɗa ta a ƙasa sannan ka auna da tef ɗinka. Igiyar roba ta shanya ba ta yi, tana ƙaruwa in an ja ta. Wanda ya fi duka shi ne tef ɗin magina mai naɗi, na mita 30, ana samunsa a kowane shagon kayan gini.

Kama hannu kuwa awon gaba ne, kakanninmu da shi suke auna igiya da rijiya. Gabar mutum kusan tsawonsa ce, don haka ku biyar kun kama abin da ya kai mita takwas ko fiye. Sai dai ina kyautata zaton ba jikin rimin kuka kama ba, katangun gindinsa, wato faffaɗan saiwoyin da ke tokare shi, kuka kama, kuma nan ne gardamarku take.

A aikin daji, kaurin itace ana ɗaukarsa ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, inci 51 a tef ɗinka, daidai ƙirjin babban mutum. A Amurka suna ɗauka a ƙafa huɗu da rabi, masu bin tsofaffin itatuwa a Ingila kuma a mita ɗaya da rabi. Bambancin ba shi da yawa, abin da ke da muhimmanci shi ne ka rubuta tsayin da ka ɗauka. Ni nakan yanki sanda daidai mita 1.3, in jingina ta da itacen, in sa alli. In ƙasar gangare ce, tsaya ta ɓangaren tudu. In itacen ya karkace, igiyar ta bi karkatarsa, ta yanke shi a miƙe, kada ta bi shimfiɗar ƙasa. In akwai ƙulu ko kumburi daidai wurin, ka hau sama kaɗan ko ka sauka inda jikin ya daidaita. In ya rabu biyu ƙasa da ƙirji, auna inda ya fi tsukewa a ƙarƙashin rabuwar, ka rubuta haka.

Rimi shi ne mai ba da wahala. Saiwoyin nan nasa masu faɗi suna tashi daga ƙasa su tokare gindin ta ko'ina, wani lokaci har su wuce tsawon mutum biyu. Ka ɗora igiya a kansu, ka zama telan da ya auna ƙugun mutum ta kan babbar riga, shi kuma ya ware hannuwa. Rabin abin da ka auna iska ce. Ƙa'ida ita ce a hau sama da inda katangun suka ƙare, a ƙara kimanin rabin mita, a auna a can.

Akwai wani rimi da nake zuwa dubawa a bayan wata tsohuwar makaranta a wajen Yaba. Tsakanin katangunsa biyu wata mai abinci take ajiye tukwanenta da benci, ta rufe da buhu, ɗaya lungun kuma awaki suka mallake shi. Sai na roƙi tsani wurin kafintan makarantar, na samu samari biyu da gora mai baki biyu. Ni ina kan tsani riƙe da bakin tef, su suna zagayawa suna ɗaga shi da gorar, ana kwance shi daga duk inda ya maƙale, mai abincin kuma tana tsaye nesa tana faɗa mana inda ya zame ƙasa. Ita ce ta fi mu amfani, don wanda ke jikin itace ba ya ganin ko tef ya karkace. Da muka sauko muka gwada ta kan katangun don nishaɗi, sai adadin ya kusa ninka na sama. Duka biyun na rubuta, kowanne da bayaninsa.

Cediya da gamji su ma sai da lura, don saiwoyin da ke saukowa daga rassa kan manne da jiki su zama kamar gindi ɗaya. Rubuta cewa da su ka auna.

In kana son faɗin itacen daga gefe zuwa gefe, raba kaurin da 3.14. A ce igiya ta ba ka mita 4.4, faɗinsa mita 1.4 ke nan. Kada a buga ƙusa don alama, alli ya isa, sai hoto da mutum tsaye a gindin.

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a wata makarantar Islamiyya da boko a Idi-Araba. Ina so in fita da ɗalibaina mu auna tsawon itace ba tare da kowa ya hau ba. Wace hanya ce ta fi sauƙi?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, irin darasin da yaro ba ya mantawa ke nan. Kuma ɗalibanki sun riga sun san rabinsa daga darasin fiƙihu, inda aka koya musu cewa la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali. Wannan lissafin ne dai.

Ki kafa sanda mai mita ɗaya a miƙe a fili. Ki auna inuwarta, a lokaci guda wasu yaran su auna inuwar itacen, daga tsakiyar gindi zuwa ƙarshen inuwa. A ce inuwar sanda mita 1.5 ce, ta itace mita 33. Raba 33 da 1.5, itacen mita 22 ne. Ki zaɓi wajen ƙarfe tara na safe ko uku na yamma. Da tsakar rana ba ta yi, musamman a farkon Afrilu da farkon Satumba, lokacin da rana ke bi ta tsakar kan Legas inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita.

Matsalar inuwa a garin nan ita ce ba ta samun wurin kwanciya. Kafin ta miƙe ta hau katangar wani, ko ta faɗa kwata, ko ta tsallaka titi. Ga hadari rabin shekara. Don haka ki koya musu hanyar sanda. Yaro ya riƙe sanda a tsaye, ya miƙe hannu sosai, tsawon sandar da ke saman hannunsa ya zama daidai da nisan da ke tsakanin idonsa da hannun. Ya rufe ido ɗaya, ya yi ta ja da baya har kan sandar ya dace da ƙololuwar itace, saman hannunsa kuma ya dace da gindin. Daga inda ya tsaya zuwa gindin itacen, shi ne tsawonsa. Wani ya tsaya a bayansa, kada garin kallon sama ya faɗa rami ko gaban mai babur.

Ga inda ake tafka kuskure, har manya. Itace mai faɗin kai, irin mangwaro ko ɗorawa, reshen da ke kusa da kai shi ne yake rufe maka sama, sai ka ɗauka shi ne ƙololuwa. Da shi ka yi lissafi, ka ƙara wa itacen tsawon da ba nasa ba. Maganinsa a ja da baya sosai tukuna a gano reshen da ya fi kowanne tsawo, a duba ko yana daidai saman gindi, sannan a auna daga ɓangarori biyu ko uku a gwama. Masu yin abin da gaske yanzu na'urar leza suke amfani da ita, wadda ke ba da nisan ido zuwa ganyen ƙarshe kai tsaye, a haɗa da kusurwa a fitar da tsawo. Akwai manhajojin waya masu auna kusurwa, suna taimakawa, amma su ma in aka saita su a reshen da ba shi ba, amsar banza za su bayar da lambobi masu kyau.

Don ki san lokacin da za ki ce a sake: itacen da aka tabbatar ya fi kowanne tsawo a Afirka, wanda aka bayyana a 2016 a wani kwari a dutsen Kilimanjaro, mita 81.5 ne. Na duniya gaba ɗaya yana Kalifoniya ta Amurka, ya ɗan haura mita 115. In ɗalibi ya kawo miki mita 90 daga Idi-Araba, ki duba rabawarsa.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a jami'a. Mun je yawon buɗe ido wani lambu, mai yi mana jagora ya nuna wani itace ya ce shekararsa 500. Na tambaye shi yadda aka sani, ya ce kowa ya sani. Ana iya gane shekarun itace daga kaurinsa?

Amsa: Ɗana, tambayar da ka yi masa ita ce daidai, kuma amsarsa ita ce wadda aka saba ji. Na lura shekarun itace a bakin masu jagora ba sa zuwa sai da sifili biyu a ƙarshe.

A Ingila akwai wani ƙiyasi na masanin itatuwa Alan Mitchell, cewa itacen da ya tashi a fili yakan ƙara kimanin santimita biyu da rabi na kauri a shekara. Ƙiyasin ƙasar sanyi ne, inda itace ke barci wata da watanni. Kada ka ɗauko shi ka ɗora wa Legas, inda ruwan shekara ya kai ninki biyu na Kano, zafi kuma ba ya yankewa. Rimi a nan gudu yake yi. Wanda aka dasa lokacin da mahaifinka yake firamare zai iya fin ƙarfin rungumar mutum uku, alhali tsamiyar da ta girme shi nesa ba kusa ba tana can a Katsina ba ta kai rabinsa ba. Kauri yana faɗa maka irin itacen da irin cimarsa, kafin ya faɗa maka shekarunsa.

Ƙirga zoben cikin katako ma ba ya tafiya daidai a nan. Zobe yana fitowa ne idan itace ya tsaya da girma ya sake tashi. Inda rani ke da tsanani wasu itatuwan suna yin zobe mai kyau, amma a kudu mai laima da yawa zobensu dishi-dishi ne, wasu kuma sukan yi biyu a shekara ɗaya. Ga shi tsohon itace sau da yawa cikinsa kogo ne, shekarun farko sun ruɓe sun tafi.

Kuka ta fi kowa rikitarwa. Jikinta ruwa take tarawa, takan kumbura da damina ta ɗan tsuke da rani, kuma manyan sau da yawa gindi da yawa ne suka haɗe. Sai da wani masani ɗan Romaniya, Adrian Patrut, ya bi manyan kukokin Afirka da gwajin sinadarin kabon aka samu adadi mai tushe. Wadda ta fi tsufa a cikinsu, a Zimbabuwe, ta kai kimanin shekara 2,450. A rahoton da suka fitar a 2018 sun nuna cewa tara daga cikin goma sha uku mafiya tsufa sun mutu, ko kuma sassansu mafiya tsufa sun zube, cikin shekara goma sha biyu kacal. Gwajin nan na ɗakin bincike ne, yana cin kuɗi, kuma zan yi mamaki in an yi wa itacen da aka nuna maka.

To me ya rage wa irinmu? Shaida. Fara da irin itacen. Dogonyaro daga Indiya ya fito, an shigo da shi Najeriya ne wajen 1928 ta Barno, don haka duk wanda ya ce maka ga dogonyaro mai shekara 200 a ƙasar nan, ka yi murmushi kawai. Malaina daga Asiya take, turare daga Ostireliya, duk baƙi ne na zamanin Turawa. Sannan dubi tsayuwarsa: itatuwa iri ɗaya a jere, tazara ɗaya, dashe ne, kuma ba su girmi titin ko ginin da aka yi musu ado da su ba. Sai tsohon hoto. In ka samu hoton wani gini na shekarun 1920 da ɗan itace a gefensa, ka je yau ka tarar da ƙato a wurin, ka samu abin da ya fi zancen jagora ɗari.

Dubi manyan itatuwan tarihi biyu na gaɓar tekun nan. Rimin Firitawun na Saliyo, wanda guguwa ta kayar ranar 24 ga Mayu 2023, tarihin garin ya danganta shi da 'yantattun bayin da suka sauka a 1792 suka yi addu'a a gindinsa. In haka ne ya haura shekara 230, wannan kuwa magana ce mai madogara. Na biyu a nan Badagry, itacen Agia, wanda a ƙarƙashinsa ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a watan Satumba 1842. Guguwa ta tuge shi ranar 20 ga Yuni 1959, yanzu ginshiƙin tunawa ne a wurin. Ana cewa tsawonsa ƙafa 160, kaurinsa ƙafa 30, shekarunsa fiye da 300. Shekara 117 da ke tsakanin wa'azin da faɗuwar tabbas ne, kuma tun a 1842 ya isa ya tara jama'a a inuwarsa. Abin da ya haura haka ƙiyasi ne. Ni ƙafa 30 ɗin nan ce take ci mini rai, don adadin yana yawo ba tare da bayanin inda aka ɗora igiyar ba, a gindi ne ko a ƙirji, kuma itacen da za a koma a duba ya tafi.

Kai da kake da shekaru a gaba, ga aikin da zai fi maka gardama da jagora. Zaɓi itatuwa biyar a harabar jami'arku. Auna su a tsayi ɗaya, a wata ɗaya, kowace shekara. Rubuta rana, irin itace, kauri, tsayin da ka ɗauka, da lambobin wurin daga taswirar waya. Kafin ka gama digiri za ka san yawan abin da kowane iri ke ƙarawa a ƙasar Legas, da awonka, ba da na Ingila ba.

Tambaya: Malam, ni direba ne a Mile 12. Na ga wani babban loko an ɗaura masa farin ƙyalle, an ajiye ƙwarya a gindinsa. Ba ka tsoron aljanu in kana zagaya irin waɗannan da igiya?

Amsa: Direba, nakan yi bisimilla in yi addu'ata kamar yadda nake yi in zan shiga motarka. Yarbawa da dama suna ɗaukar loko a matsayin mai iska, yadda mutanenmu suke faɗa a kan tsamiya da kuka, kuma wannan tsoron ya tsirar da itatuwan da doka ba ta tsirar ba. Itacen da ka ga an ɗaura wa ƙyalle yana da masu shi. Ba na taɓa shi sai na nemi mai unguwa ko wanda ke kula da wurin. In sun ce a'a, na auna tsawonsa daga nesa in yi gaba. Ba na ɗaga ƙyalle, ba na matsar da ƙwarya.

Abin da nake tsoro a zahiri shi ne zuma a kogo, rina a ƙarƙashin reshe, kwarkwasa a cikin busasshen ganye, maciji a lungun saiwa, da wayar lantarki da ta ratsa rassa. Sai kuma mutane. A Legas duk wanda aka gani da tef da littafi, fili ya zo aunawa. Kafin ka zagaya sau ɗaya 'yan omo-onile, wato masu da'awar gadon filayen unguwa, sun iso suna tambayar wa ya sayar maka. Bahaushe da igiya a bayan katangar mai kuɗi kuma, ka san fassarar da za a yi masa. Shi ya sa nake fara gaida mai gadi, in nuna masa littafin da hotunan itatuwan baya, in roƙe shi ya riƙe mini bakin tef. Kusa da bariki ko ginin gwamnati ba na fito da waya sai an ba ni izini.

Tambaya: Malam, maigidan hayarmu a Obalende yana so ya sare wani babban itace a tsakar gida, wai saiwa tana fasa masa kwata. A inuwarsa muke girki da wanki. Yana da ikon yin haka?

Amsa: Hajiya, a jihar Legas sare itace sai da izinin hukumar lambuna ta jiha, LASPARK, kuma sukan ci tarar wanda ya yi gaban kansa. Ki sa mijinki ko dattijon gidan ya tuna masa da wannan cikin lalama, don kada maganar itace ta koma maganar kuɗin haya.

Amma ku ma ku duba itacen da idon gaskiya. In akwai naman kaza yana fitowa a gindinsa, ko tsaga mai zurfi a inda manyan rassa suka rabu, ko ya fara karkata ƙasa tana ɗagowa ta ɗaya gefen, to mai gidan yana da hujja, kuma ku ne a ƙarƙashinsa. In lafiyarsa ƙalau, sau da yawa rage rassa da sake wa kwatar hanya ya fi sarewa arha. Kada a yarda a datse manyan saiwoyi ta gefe ɗaya a bar shi tsaye, wannan shi ke kayar da itace a kan rufi. In za a rage rassan, a yi a Janairu ko Fabrairu, kafin iskar farkon damina ta iso.